Kiɗan da Na Ɗauko wa Baba Donal a Baki Daga Kanada

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A wajen sunan jikar Anti Fati 'yar Kumasi, can afatmen ɗinsu na unguwar Wendover, a nan garinmu Greensboro ta North Carolina, ban gama zama da farantin wake da shinkafa ba mata suka yi min ca. "Hajiya Bilki, wai da gaske kun tuƙa mota har Kanada don ɗauko waƙa? Waƙa kawai? Ko jaket ba ku sayo ba?" Na ba da labarin a can, na bayar a masallaci bayan Juma'a, na bayar a waya har kunnena ya yi zafi. To ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in tura masa.

Dole in fara da Baba Donal, in ba haka ba za ku ce hauka ce ta kai mu. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Shekarun baya aka tura ni McLeansville, nan kusa da Greensboro, wani gida shi kaɗai a tsakiyar fili, wajen wani tsoho ɗan asalin Scotland da ƙafafu suka fara ba shi matsala. Ranar da na fara zuwa, tun daga bakin titi na ji wata ƙara, na ɗauka akuya ce ta maƙale a shinge. Ashe mai gidan ne yake busa. Algaita ce irin tasu mai salka: a hura iska cikin salkar fata, a matse ta a hammata, bututu uku a kafaɗa suna ta gunji da murya ɗaya, yatsu kuma suna aiki a kan na huɗun da ke ƙasa.

Ba irin kiɗan faretin nan da kuke gani a talabijin yake yi ba. Nasa shi ne babban kiɗa, fibrok suke ce masa, kuma ba ya sauri ko kaɗan. Ana farawa da tushe, waƙa mai sauƙi da ake ja a hankali. Sai a maimaita ta da ɗan ado, a sake da adon da ya fi wancan, kamar mai ɗinkin hula yana ƙara zare kan zare, har yatsu su riƙa gudun da ido ba ya iya bi. Daga nan sai a sauke adon gaba ɗaya a koma tushe. Ni dai da farko auduga nake cusawa a kunne a ƙarƙashin hijabi. Wata rana ina ninke masa kaya, ya sauko daga dogon ado ya koma tushen nan, kawai sai na ji hawaye a fuskata. Muryar kakata na ji, tana waƙar niƙa a gidanmu na Zariya. Daga ranar na daina zuwa da auduga.

Da ya ga ina labewa ina sauraro, sai ya sayo min 'yar sarewar koyo marar salka. Kuma ba da takarda ya koyar da ni ba. Da baki ake koyar da fibrok: malami ya rera wasu kalmomi marasa ma'ana, hiharin hodroho, kowace gaɓa tana gaya wa yatsa inda za ta sauka, ɗalibi ya maimaita. Na ce masa, "Baba, ai wannan biyawa ce, haka malaminmu yake mana a islamiyya." Mijina Alhaji Sabo kuwa ya samu abin tsokana. Kullum sai ya ce, "Da girmanki, Hajiya, kin zama 'yar algaita. Saura mu nemo miki fada."

Akwai wani kiɗan makoki na gidan su Baba Donal, kakansu ne ya ƙetaro teku da shi a ka, babu shi a littafi, babu a faifai. Ya koya min tushensa da adon farko da na tsakiya. Saura adon ƙarshe, wanda ya fi wuya, ya ce sai yatsuna sun nuna. Kafin su nuna ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Zai kwanta yana bin kiɗan da yatsun hannunsa mai lafiya a kan bargo, in ya zo daidai adon ƙarshe sai yatsun su tsaya cak, ya juya fuska bango. Ya manta. Abinci ma ya fara ƙi. 'Yarsa Jini, wadda ba ta taɓa koyon busa ba, ita ta gaya min mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san wurin: yayarsa Morag, a wani ƙauye a gabashin Ontario, can Kanada. Ta tsufa ba ta iya doguwar tafiya, kunnenta kuma ba ya jin magana a waya. Likita kuwa ya ce zuciyar Baba ta yi rauni, kada a yi ta jinkiri. Na koma gida na ce wa Alhaji ya duba lafiyar mota.

Alhaji direban babbar mota ne, tuƙi ba ya ba shi tsoro, shiru ne abin tsoronsa. Bayan sallar asuba muka kama hanya, kuma tun kafin mu fita daga Greensboro ya fara: siyasar Najeriya, farashin taya, wa'azi a rediyo, waya da abokansa na Kano. Ni kuwa murna ta cika ni, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa yin tafiyar da ba ta biki ko ta gaisuwar mutuwa ba. Muka hau duwatsun Virginia muka sauka. Azahar muka yi a wajen hutawar matafiya, a kan ciyawa bayan manyan motoci. Wata tsohuwa mai ɗan kare ta zo wucewa, ta ja ta tsaya tana riƙe da bakin karen har muka sallame, sannan ta tambaye mu ko yanzu ta iya wucewa. Alhaji ya yi ta sa mata albarka da Hausa, ita kuma tana ta gyaɗa kai.

A Pennsylvania muka kwana, wani masauki na bakin hanya da kafet ɗinsa ke warin tsohuwar taba. Nan muka gano mun baro buta a ƙofar gida. Ya ce ni ya kamata in ɗauko, na ce shi ya loda mota. Ƙarshe dai da bokitin ƙanƙarar ɗakin muka yi alwala.

Washegari, muna dab da gadar da za ta kai mu boda, Alhaji ya tuna wani abokinsa ya taɓa ce masa ana ƙwace nama. Ga mu da dambun nama cike da roba, wanda na yi kwana ina dakawa. Ya ce shi dai ba za a zubar masa da dambu a kwandon shara ba. Muka faka gefen titi muka hau ci ba yunwa, har muƙamuƙina ya gaji. Da muka isa, ko maganar abinci ba wanda ya yi mana.

Matsalar daga wani wajen ta ɓullo. Na ja wa Alhaji kunne tun a hanya cewa ziyara kawai zai ce. Ma'aikaciyar bodar ta leƙo ta tambayi abin da ya kawo mu, sai bawan Allahn nan ya washe baki ya ce, "Madam ce za ta karɓi waƙa." Matar ta dube ni, ta dubi hijabina, ta ce mawaƙiya ce ni? Wasa zan yi? Biyana za a yi? Aka ce mu faka mu shigo ciki. Na yi bayani, bayanin ya ƙi zama ko a kunnena ni kaina. Da na ga haka sai na zaro sarewar koyo daga jaka, na tsaya gaban kanta na busa musu tushen kiɗan Baba Donal. Mutanen da ke layi suka yi tsit. Matar ta miƙo mana fasfo tana danne dariya, ta ce, "Na yarda. Mun taɓa yin maƙwabci mai busa babbar irinta, saboda shi muka tashi daga unguwar. Ku sauka lafiya."

Mama Morag 'yar mitsitsiyar tsohuwa ce, tana tafiya da ƙarfen dogarawa, amma idanunta kamar na shaho. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Kun iso. Ku cire takalma." Alhaji ya gyara tsayuwa ya fara jero gaisuwa da Turancinsa: ya gida, ya jiki, ya sanyi, ya maƙwabta. Ta amsa masa sau ɗaya, ta juyo wajena ta ce, "Rera min abin da ya koya miki." Ko ruwa ba a ba mu ba! A Zariya da za ka yi wa baƙo haka, sai an yi shekara ana ba da labarinka. Na tsaya a tsakar falo da jakata a kafaɗa na rera, da ƙarfi saboda kunnenta. Ta rufe ido har na kai inda karatuna ya tsaya. Sannan ta ce, "Yana jan wurin nan da yawa, tun yana yaro haka yake. Zo ki sha shayi."

Ɗakin sama ta ba mu, sanyi kamar cikin firji, da barguna masu nauyin da in ka shiga ba ka iya juyi. Abinci kuwa, ashe ta bincika an gaya mata Musulmi suna cin kifi. To kifi muka ci da safe, kifi da rana, kifi da yamma. Sai wani kunun hatsi mai kauri da take damawa da gishiri, babu sukari ko ƙwaya. Alhaji ya kai cokali ɗaya baki ya dube ni kamar ni na dama. Daga baya ya riƙa saukowa da sukari a aljihun kaftani, in ta juya baya ya zazzaga.

Da muka zauna karatu na fito da waya zan ɗauki muryarta. Ta ɗora hannu a kan wayar ta ture ta gefe. "In kika ɗauka, wayar ce za ta iya, ke ba ki iya ba. Baki da baki aka ba mu, haka za ki kai masa." Ban yi musu ba, don ni ma haka na ɗauki karatu. Ta riƙe wuyan hannuna, tana rerawa tana matsa min inda ake ja da inda ake saki. A nan ta gaya min a zamaninsu ba a bai wa mace algaita. Mahaifinsu yana koya wa Donal a falo, ita tana bayan ƙofar kicin tana wanke kwanuka tana haddacewa. Ta ce, "Shi aka koya wa, ni na iya." Wallahi a take na ji ina son tsohuwar nan har cikin raina.

Adon ƙarshen nan ba wasa ba ne. Kowace gaɓa tana da 'yan ƙananan gaɓoɓi a maƙale, harshe ya yi ta harɗewa. In na yi kuskure ba ta faɗa, sai dai ta daki hannun kujera. Kujerar nan ta sha duka a kwanakin da muka yi.

Ranar Asabar da rana ta ce mu kai ta ɗakin taron ƙauyen, akwai mai busa, ya kamata in ji fibrok a babbar algaita a hannun wanda ya iya. Ɗaki ne na katako, tsofaffi a jere a kujeru, ba mai ko tari. Wani ƙaton mutum sanye da siket ɗinsu mai layi-layi ya fito ya yi ta gyaran bututu, ya murɗa wannan ya saurara, ya murɗa wancan. Alhaji ya raɗa min, "Ya fara ne, ko har ya gama?" Na zungure shi. Da bututun suka daidaita kuwa, jama'a, gunjin nan ya cika ɗakin har a ƙirjina nake jin sa, katakon ƙasa yana rawa ƙarƙashin tafin ƙafata. Ya ɗauki tushe. Tsigar jikina ta tashi. Abin da nake yi a 'yar sarewata ashe inuwa ce kawai.

To mai busa fibrok ba ya tsayawa waje ɗaya. Takawa yake a hankali, ya je ƙarshen ɗaki, ya ɗan tsaya, ya juyo. Mu kuwa a ƙarshen layin gaba aka zaunar da mu saboda Mama. Mutumin nan ya tako, ya tako, ya zo gaban Alhaji daidai ya tsaya yana busa, idonsa a kan hular Alhaji. Kun san a gida in mai algaita ya zo gabanka ya tsaya, ka san abin da ake nufi. Kafin in ankara Alhaji ya miƙe, ya gyara kaftani, ya zaro takardar dala ya manna wa mutumin a goshi. Ga gumi, ta kuwa zauna daram. Shi ba hannun cirewa, ba halin tsayawa, don a wajensu yanke kiɗa a tsakiya babban abin kunya ne. Ya juya ya ci gaba da takawa da dala a goshi, fuskarsa ta yi jajir. Na ga Alhaji ya sake sa hannu a aljihu, na damƙo bayan rigarsa na zaunar da shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mutumin ya kai kiɗansa har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Ya yanke, ɗaki ya yi tsit, takardar ta saki ta faɗo a hankali. Mama Morag ce ta fara fashewa da dariya har da tari, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Da na yi musu bayanin liƙi, mai busar ya rungume Alhaji, ya ce tun da yake busa ba a taɓa girmama shi haka ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Ke ce ba ki san mutunci ba."

Muna komawa gida saƙon Jini ya shigo: jikin Baba ya ƙara sanyi, ruwa kawai yake karɓa. Da safe na rera wa Mama adon daga farko har ƙarshe, kujera ba ta sha duka ba. Ta raka mu bakin ƙofa ta ce, "Kada ki saurari komai a hanya. Sabo ne, bai kama ƙasa ba."

Don haka na kafa doka a mota: ba rediyo, ba waya, ba hira. Na zauna ina ta rerawa, in kai ƙarshe in dawo farko. Tausayin Alhaji ya kama ni. Zai ga wani abu a gefen hanya, ya ɗaga yatsa ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. A boda aka tambaye mu abin da muka shigo da shi, wannan karon ya ce ba komai, ni kuwa ina ta motsa baki kamar mai lazimi. Muka ratsa New York, muka sake kwana a hanya, kiɗa yana nan lafiya lau. Har na fara jin kaina.

A Virginia abin ya faru. Muka tsaya shan mai, na shiga shagon don in kama ruwa. Lasifikarsu tana ta zuba wata waƙar talla mai amshi ɗaya, irin mai manne wa mutum a ka. Na toshe kunne, amma ina, layin banɗaki ya yi tsawo. Na dawo mota na ɗauki adon, na zo tsakiya, wajen wata 'yar kwana da kiɗan yake yi, sai na ji wayam. Na koma baya na sake tahowa, wayam.  Na fashe da kuka a gidan mai, ina cewa na zubar da amanar mutane a banɗaki.

Alhaji ya ce, "Haba Hajiya, wurin nan? Ai ga shi." Ya buɗe baki ya rera, hiharin da komai. Mai yi min tsiyar algaita ashe ya haddace tsaf, don dole. Sai dai a kwanar nan shi sama ya yi, ni kuwa da na ji nasa sai zuciyata ta ce ƙasa ake yi. Ya rantse sama ne, na rantse ƙasa ne. Mama ba ta jin waya, komawa kuma babu lokaci. Haka muka shigo North Carolina, yana rera nasa ina rera nawa, kowa yana ɗaga murya.

Ko gida ba mu biya ba, McLeansville muka wuce, muka isa bayan la'asar. Jini ta buɗe mana. Baba ya rame sosai, fuskarsa tana bango. Na jawo kujera na gaishe shi, na ce na dawo daga wajen Morag. Bai juyo ba. Sai kawai na ɗauki tushe. Yatsunsa suka fara motsi a kan bargo. Na yi adon farko, na yi na tsakiya, suna biye da ni. Na shiga na ƙarshe. Yatsun suka tsaya cak yadda suka saba, sannan ya juyo da kai, ya buɗe ido, suka fara bin muryata a hankali, gaɓa bayan gaɓa. 

Na iso kwanar. Na runtse ido na bi ta Alhaji, na yi sama. Tafin hannun Baba ya daki katifa. Na koma baya na yi ƙasa, irin nawa. Ya sake dukan katifa, har da harara. Na yi tsuru-tsuru, ba ni da na uku.

Sai muka ji wani sauti daga maƙogwaronsa, a dishe, kamar tsohuwar ƙofa. Baba Donal ne yake rerawa. Ashe wurin ba sama ake yi ba, ba ƙasa ba, tsayawa ake a riƙe muryar, a riƙe ta har sai mai sauraro ya ƙagu, sannan a sake ta. Ya wuce kwanar bai tsaya ba. Na bi bayansa, muka kai adon har ƙarshe tare, muka sauko muka koma tushe. Jini tana bakin ƙofa ta toshe baki da hannu biyu. Alhaji ya cire hula yana goge ido da ita, yana ta kabbara ƙasa-ƙasa.

Da muka yanke, Baba ya yi ta numfashi. Sannan ya dube ni, ya haɗa gira, ya yi ta kokawa da leɓɓansa har kalma ɗaya ta fito, ta farko da 'yarsa ta ji daga bakinsa tun da ya kwanta.

"Sake."

Na share fuska da gefen hijabi, na gyara zama, na sake ɗaukowa daga tushe.